Daren da na nemi kotu ta karɓe bindigar ƙanina

Saƙon ya shigo wayata ranar Juma'a da daddare, ina zaune cikin mota a harabar gidan kula da tsofaffin da nake aiki a jihar Maryland, ina jiran injin ya ɗumama saboda sanyin Fabrairu. Muryar Auta ce, ƙanina, yana magana a hankali kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce, “Yaya, ki yafe mini duk abin da na yi miki tun ina yaro. Ki riƙe mini yaran nan amana. Kuɗin da mai gareji yake bi na, na rubuta a takarda na sa cikin Alƙur'anin Baba.” Daga nan ya yi sallama.

Na kira shi bai ɗaga ba. Na kira matarsa, ta ɗaga tana raɗa, ina jin ƙarar famfo a bayanta, ta kunna ruwa ne don kada ya ji. Ta ce, “Yaya, yau kwana uku ke nan, da zarar yara sun yi barci sai ya fito da akwatin nan ya ajiye a kan teburin cin abinci, ya zauna ya zuba masa ido har asuba. Ya ce in na gaya wa wani bai yafe ba.”

Na san akwatin. A ƙarshen 2022 ya saye shi tare da bindigar, bayan wasu samari biyu sun ɗora masa wuƙa a wuya yana tuƙin haya da daddare. Komai bisa ƙa'ida ya yi: ya je horon sa'a huɗu, an ɗauki zanen yatsunsa, ya sami lasisin sayen ƙaramar bindiga, ya jira kwana bakwan da doka ta ce. A lokacin ban hana shi ba. Bayan haka ne abubuwa suka yi ta faɗowa kansa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi haɗari, motar ta tashi aiki ga bashinta bai ƙare ba. Baba ya rasu a Kano, bai samu kuɗin jirgi ba, ta waya ya ga jana'izar. Ya daina barci, ya daina zuwa masallaci, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A daren na je gidan. Na same shi a falo, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, har ya tashi zai haɗa mini shayi. Na ce, “Auta, ba ni bindigar nan in ajiye maka.” Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, “Yaya, kayana ne, da takarduna. Babu abin da zai faru.” Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kowa da ranarsa.” Na roƙe shi da girman Allah, na roƙe shi da nonon da muka sha. Ya tashi ya shige ɗaki ya rufe.

Na koma mota na buga 988, lambar da aka buɗe a duk faɗin Amurka a watan Yulin 2022 don masu irin wannan damuwa da kuma danginsu. Matar da ta ɗauka ta yi haƙuri da ni ƙwarai. Na ce mata ina so in lallaɓa in ɗauke akwatin in ya yi barci. Ta ce in yi hattara, domin ɗaukar bindigar wani ba da yardarsa ba, da kuma yawo da ita a mota ba ni da takarda, na iya jefa ni cikin matsala da hukuma, ga kuma haɗarin ya farka ya kama ni muna kokawa a kanta. Ta ce in na ga abin ya zo wuya yanzu-yanzu in buga 911. Sannan ta ambaci wata hanya da ban taɓa ji ba: a nan Maryland 'yar'uwa ta jini tana iya zuwa kotu ta nemi a ba da umarnin raba mutum da bindigarsa na ɗan lokaci, in akwai alamar zai cutar da kansa ko wani. A kotu ERPO suke ce masa, wato umarnin kariya daga babban haɗari. Jama'ar gari kuma suna kiranta dokar jan tuta.

Na kwana a kujerar falonsu, fitila a kunne, don kada ya fito da akwatin. Bai fito ba.

Da safe na yi abin da kowace mace a cikinmu za ta yi, na kira aminiyata. Ta haɗa ni da maigidanta, wanda ya shekara talatin a ƙasar nan, kuma ana jin maganarsa. Shi ne ya jefa mini tsoron da ya kusa sa in janye. Ya ce, “Hajiya, ƙasar nan ƙasar ƙara ce. Ki kai shi kotu, gobe ya samu lauya ya maka ki, ya ce kin ɓata masa suna, kin tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Gidanki, albashinki, takardar aikinki, duk sai su tafi.” Ita kuma aminiyar tawa, don ta taimake ni, sai ta ce in har zan je, to in ƙara gishiri. Ta ce, “Ki rubuta cewa ya nuna wa matarsa bindigar. In ba haka ba alƙali zai ce ba ki da hujja, su sallame ki, shi kuma ya ji labari, kin yi biyu babu.”

Na shekara goma sha ɗaya ina tara kuɗin gidan nan, ina aikin dare da na rana. Ba zan ɓoye ba, na zauna a bakin gado na lissafa abin da zan rasa. Sai kuma na tuna muryar nan da ta ce in riƙe yara amana.

Akwai wata lauya da muke haɗuwa a masallaci, harkar shige da fice take yi, amma na ce ko ba komai ta iya karanta doka. Ta ce in ba ta rabin sa'a. Da ta kira, ta karanta mini sashe na 5-602 na dokar tsaron jama'a ta jihar, sannan ta fassara mini shi da Turanci mai sauƙi. Abin da ya ƙunsa shi ne, wanda ya shigar da wannan buƙata da kyakkyawar niyya, ba za a kama shi da laifi ba, ba kuma za a ci shi diyya ba saboda shigar da ita. Ko da alƙali ya saurara ya ce hujjar ba ta kai ba, wannan kaɗai ba ya mayar da ni mai laifi.

Kalmar da ta faɗo mini a rai ita ce rigar kariya. A gida, sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu ya ɗinka wa ita, mu talakawa a rediyo muke jin sunanta. Ga shi yau ana ce mini ni ma ina da wata 'yar guntuwa. Sai dai lauyar ta ja mini kunne a kan iyakarta. Ta ce rigar ba ta hana mutum ya je ya shigar da ƙara a kanki, kowa na iya cike takarda ya kai kotu. Abin da take yi shi ne ta ba ki garkuwar da za a kori ƙarar da ita. Kuma duka a kan niyya da gaskiya aka rataye ta. Takardar da zan cike da rantsuwa ake sa mata hannu, wanda ya shirga ƙarya a ciki ya tuɓe rigar da hannunsa, kuma hukuncin rantsuwar ƙarya na jiransa. Ta ba ni misalin jihar Colorado, inda a farkon 2020, dokarsu tana sabuwa, wata mata ta nemi a karɓe bindigar wani ɗan sanda ta hanyar da'awar cewa suna da ɗa tare, alhali ba haka ba ne. Alƙali ya yi watsi da buƙatar, ita kuma aka gurfanar da ita kan rantsuwar ƙarya.

Na gaya mata shawarar da aka ba ni ta ƙara gishiri. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Yaya, abin da idonki ya gani, da abin da kunnenki ya ji, da wanda aka gaya miki, ki raba su uku, kowanne ki faɗi sunansa. Kada ki ƙara ko wasali.”

Da yake Asabar ce kotu a rufe take. Amma a Maryland akwai kwamishinonin kotun gunduma da ke zaune dare da rana, har ranar hutu, kuma doka ta ba su ikon ba da umarnin wucin gadi kafin alƙali ya zauna. Na isa bayan magariba. Ɗaki ne ƙarami, kujerun roba a jere, taga mai gilashi mai kauri da 'yar kafa a ƙasa da ake tura takarda. Wata mata na gefe da jariri a kafaɗa, ita ma da tata damuwar. Ba a karɓi ko sisi a hannuna ba.

Fom ɗin yana tambayar alaƙata da shi, da irin bindigar da yake da ita, da inda take, da abin da ya yi ko ya faɗa har na ga akwai haɗari nan kusa. A nan na daɗe. Hannuna ya so ya rubuta cewa ya ce zai kashe kansa. Bai faɗi haka ba. Abin da ya ce shi ne in yafe masa, in riƙe yara, ga inda takardar bashi take, kuma kowa da ranarsa. Na rubuta kalmominsa da Hausa yadda suke, na sa fassararsu a ƙasa. Na rubuta cewa zaman da yake yi da akwatin matarsa ce ta gani ta gaya mini, ni ban gani ba. Na rubuta cewa bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, bai taɓa yi wa matarsa ko 'ya'yansa barazana ba, ba ya shan komai. Ina rubuta wannan layin na ƙarshe ina jin kamar ina rushe ƙarar da kaina, amma gaskiya ce, kuma ƙanina ne, ba zan bar takarda ta zana shi a matsayin mugu ba.

Kwamishinar ta sa na ɗaga hannu na rantse. Ta karanta, ta yi mini tambayoyi biyar ko shida, ta saurari saƙon duk da ba ta jin yaren. Ta bayyana mini cewa a wannan mataki abin da ake nema shi ne dalili mai ma'ana da zai sa a yarda akwai haɗari. Ta sa hannu. Ta ce umarnin zai yi aiki har zuwa zaman alƙali, rana ta farko ko ta biyu da kotu ta buɗe, kuma 'yan sanda ne za su kai masa, su karɓi bindigar da harsasai.

A nan wani sabon tsoro ya taso, wanda ya fi na gida da albashi. Lauyar ta riga ta gaya mini abin da ya faru a yankin Anne Arundel ranar 5 ga Nuwamban 2018, wata guda da 'yan kwanaki bayan dokar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba. 'Yan sanda sun je kai wa wani dattijo mai shekara 61 irin wannan umarni wajen ƙarfe biyar na asuba, ya buɗe ƙofa da bindiga a hannu, aka yi kokawa, suka harbe shi ya mutu. Ƙanina baƙar fata ne, Musulmi, mai gemu, Turancinsa na sarƙewa in ya firgita. Na tambayi lauyar, in aka je abin ya ɓaci, wa za a kama? Ta ce ba ni ba, muddin na faɗi gaskiya. 'Yan sanda kuwa suna da tasu kariyar da kotunan ƙasar nan suka gina musu, mai wuyar hudawa. Har ta ambaci hukuncin Kotun Ƙoli na 2005 a shari'ar garin Castle Rock, inda wata uwa ta yi ta kiran 'yan sanda su aiwatar da umarnin kariyar da ke hannunta, ba su yi ba, mijin ya kashe 'ya'yansu mata uku, kotu kuma ta ce tsarin mulki bai ba ta haƙƙin cin garin diyya a kan haka ba. Na fahimci cewa kowa a cikin wannan sarƙa yana da abin da ya lulluɓe shi. Wanda ke tsaye ba riga shi ne wanda za a buga wa ƙofa.

Saboda haka ban tafi gida ba. Na nemi magana da jami'in da zai jagoranci zuwan, aka ba ni shi a waya. Na ce masa ƙanina ba ya faɗa, ba ya ihu, mara lafiya ne. Na ce akwatin yana saman kabad a ɗakin kwana, a kulle. Na roƙe shi kada su je da asuba, kada su daki ƙofa da ƙarfi, su bari in fara fitar da matar da yaran. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi mini alkawarin komai ba sai cewa za su yi a hankali. Na kira matar na ce ta shirya yara za mu je gidana cin tuwo. Ta fito da su da rigunan barci a ƙarƙashin rigunan sanyi, ƙaramin yana riƙe da takalmi ɗaya a hannu.

Na ajiye motata a ƙarshen layi, na kashe fitila. Motoci biyu suka zo ba jiniya. Na ga an ƙwanƙwasa, na ga ƙofar ta buɗe, na ga inuwarsa a bakin ƙofa, hannayensa biyu a fili. La'ilaha illa anta subhanaka nake ta maimaitawa har bakina ya bushe. Bayan kamar minti ashirin wani jami'i ya fito da akwatin a hammata. Sun ba shi takardar shaidar abin da suka karɓa. Sun tambaye shi ko zai bi su asibiti a duba shi, ya yarda, ya shiga motar da ƙafarsa.

Sunana yana kan takardar da suka miƙa masa. Doka ta ce bayanan irin wannan shari'a a Maryland sirri ne, ba kowa ke iya buɗe su ba, kuma wannan ya yi mini daɗi saboda rufin asirinsa wajen neman aiki. Amma shi wanda aka kai yana da haƙƙin sanin wanda ya kai shi. Kafin wayewar gari labari ya isa Kano.

Hajiya, mahaifiyarmu, ta kira ni bayan sallar asubarsu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Yanzu ke da hankalinki, ɗan'uwanki ciki ɗaya, ki kai shi gaban alƙalin Nasara? Ko arba'in ɗin mahaifinku ba a daɗe da yi ba.” Na ce, “Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ki yi fushi da ni yana raye.” Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ban yanke ba, wuƙar na ɗauke daga kusa da shi. Kawu kuwa saƙo ya aiko cewa zaman Turai ya cinye mini zumunci. Babu sashen dokar da lauya za ta karanta mini a kan wannan.

Ranar Talata muka tsaya gaban alƙali a karon farko. Auta yana asibiti, bai zo ba. Zaman bai kai minti goma sha biyar ba. Alƙalin ya mayar da umarnin kwamishina zuwa na kwana bakwai, ya sa ranar babban zama.

A cikin makon nan na karanta abin da ban taɓa zaton zan karanta ba, domin ina so in tabbatar wa kaina ban zalunce shi ba. Connecticut ce ta fara irin wannan doka a 1999, Indiana ta biyo a 2005. Bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland ta Florida ranar 14 ga Fabrairun 2018 jihohi suka yi ta kafa tasu, har da tamu, wadda Gwamna Larry Hogan ya sa wa hannu a shekarar. Mutane suna ɗauka don masu harbin jama'a aka yi ta. Amma a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Wani bincike da Jeffrey Swanson na Jami'ar Duke ya jagoranta a kan Connecticut ya ƙiyasta cewa a kowace karɓe bindiga 10 zuwa 20 ana tsirar da rai ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da likitan asibitin ya gaya wa matarsa: irin wannan duhun yakan zo ne ya wuce, wani lokaci cikin sa'o'i, kuma mafi yawan waɗanda suka tsallake shi suna ci gaba da rayuwarsu, amma bindiga ba ta cika barin mutum ya kai gobe ba.

Na kuma gane cewa Maryland ce jiha ta farko da ta ba likitoci da wasu ma'aikatan lafiyar da suka duba mutum damar shigar da wannan buƙata da kansu. A Florida 'yan sanda kaɗai ke iyawa. A New York, bayan kisan mutum 10 a wani kanti a Buffalo a watan Mayun 2022, an wajabta wa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara su nema in sun sami sahihin bayani. A aikina na ga yadda tsoron ƙara ke ɗaure hannun ma'aikacin lafiya, kowa na tunanin lasisinsa kafin ya buɗe baki. A ganina wanda ya rubuta layin nan na kyakkyawar niyya ya san mutane. Ba don shi ba, da na bi shawarar maigidan aminiyata na zauna a gida ina addu'a kawai, akwatin yana saman kabad.

Ranar babban zama ya zo da farar riga, an sallame shi daga asibiti kwana biyu kafin nan. Bai dube ni ba. Ba shi da lauya, domin ba tuhumar laifi ba ce, gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta a irin wannan, shi kuma ba shi da kuɗin ɗauka. Wannan ya dame ni, har yau yana damuna. Ni na zo da shawarar lauya a kunnena, shi ya zo da takarda ɗaya a ninke a aljihu. A ganina duk dokar da za ta karɓe wa mutum abin da ya mallaka bisa ƙa'ida, ya kamata ta tsaya masa da wanda zai yi magana a madadinsa.

A wannan zama ma'auni ya yi nauyi. Alƙalin ya ce sai hujja ta fito fili ta gamsar kafin ya ba da umarnin ƙarshe, wanda zai iya kai wa shekara guda. Kotu ta samo tafinta mai jin Hausa kyauta saboda matarsa. Aka kunna saƙon a ɗakin, muryarsa ta cika wurin, tafintan yana juyawa jimla bayan jimla.

Da aka ba shi dama ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, a al'adarmu neman yafiya ba wani abu ba ne. Muna yi kafin azumi, muna yi kafin tafiya, muna yi ranar Juma'a.” Alƙalin ya juyo ya tambaye ni ko haka ne. Ga rantsuwa a wuyana. Na ce haka ne, gaskiya ya faɗa, ni kaina na nemi yafiyarsa kafin in tafi Umara. Na ga kafaɗar matarsa ta faɗi. Sai na ce, amma mai tafiya yakan faɗi inda za shi da ranar dawowa. Ba a ba da amanar 'ya'ya, a faɗi inda takardar bashi take, a sa ta cikin Alƙur'anin mamaci, sai in mutum yana wasiyya. Na ce a shekara talatin da huɗu da na san shi bai taɓa yi mini irin wannan magana ba.

Matarsa ta ba da shaida tana kuka, da Hausa, ta faɗi darare ukun nan. Ta faɗi yadda take kwanciya ido biyu tana jin ƙarar kujera in ya gyara zama. Alƙalin ya tambaye shi ko akwai abin da zai musa a maganarta. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, “Babu.”

Wata shida aka ba da. An karanta masa sharuɗɗa: ba zai saya ba, ba zai riƙe ba, ba zai ajiye bindiga ko harsashi ba har wa'adin ya cika. In ya saɓa, nan ne abin zai zama laifi, da ɗaurin da zai iya kai wa kwana 90 ko tarar da za ta iya kai wa dala 1,000 a karon farko. An gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara. Ya karɓi takardar ya fita, ya wuce ni a baranda kamar bango.

Wata biyar bai yi mini magana ba. Nakan kai musu cefane in ajiye wa matar a bakin ƙofa. Ta wurinta nake jin ya fara ganin likita duk mako biyu, yana shan magani, ya samu aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, ya koma sallar Juma'a. Da ƙaramar Sallah ya turo yaran su gaishe ni, shi ya tsaya a mota ta aro. Hajiya ta sauko a hankali, ta koma tambayata ko yana cin abinci.

Wata Laraba a watan Yuli wayata ta yi ƙara, na ga sunansa. Ya ce, “Yaya, ina wuni. Motar da nake ara ba ta nan, kuma ina da ganin likita ƙarfe uku.” Na ce ga ni nan.

Mun yi tafiyar minti goma babu mai cewa komai, sai ƙarar na'urar sanyaya mota. Ya yi ƙiba kaɗan, ya gyara gemu. A wata danja ya ce, yana kallon gaba, “Kin san na je wajen lauya a kanki?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “A watan farko. Dala ɗari na ba shi don ya duba takardun. Ya karanta abin da kika rubuta tun daga sama har ƙasa, ya tambaye ni wanne ne ƙarya a ciki. Na duba, na sake dubawa.” Ya yi shiru. “Har kin rubuta ban taɓa dukan kowa ba.”

Na ce ai ba ka taɓa ba.

Danja ta ba da hannu. Ya ce wa'adin zai cika a watan gobe, kuma ya tambaya an ce masa yana iya sayar da ita ta hannun dillali mai lasisi ba sai ta dawo gidan ba, kuɗin zai rage bashin mai gareji. Bai ce ya yanke shawara ba, ni ma ban tambaya ba. Ya nuna da hannu ya ce, “Yaya, nan za ki karya hagu, ƙofar baya ta fi kusa.”